Katin Mutuwa ba ajali yake nufi ba

'Yar'uwa, kin ce wata mai duba ta baje miki katin tarot, wato karta mai hotuna da ake duba da ita, na Mutuwa ya fito, tun ranar barci ya ƙaurace miki. Kwantar da hankalinki. Ko a wajen masu sana'ar, wannan kati mai lamba 13 ba ajali yake nunawa ba. Hoton kam akwai tayar da hankali: ƙwarangwal sanye da sulke a kan farin doki, ga wani sarki kwance a ƙasa, kambinsa ya faɗi gefe. Amma su fassararsu ita ce wani abu zai ƙare, wani ya shigo, kamar barin aiki ko rabuwa da wani.

Katin tarot gaba ɗaya guda 78 ne, manya 22, ƙanana 56 masu alama huɗu. Kofi na soyayya, takobi na rigima da tunani, sanda na himma, tsabar kuɗi kuwa na dukiya.

Abin da ba kasafai suke faɗa ba shi ne, a Italiya aka ƙirƙiro shi a ƙarni na 15, don wasan karta kawai. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Court de Gébelin, ya ce wai asirin tsohuwar Masar ne, ba hujja ba dalili. Shi kansa zanen dokin nan, a 1909 aka buga shi a Landan.

Ni dai a ganina fassarar ta cika faɗi. "Canji na tafe," wa ye ba zai ce da shi ake ba? Da mai dubar ta sake cakuɗa katin ma, da wani daban ne ya fito miki.