Tambaya da Amsa: Shin imani yarda ce ba tare da hujja ba?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyya ne daga Fagge. Wani abokina ya ce kimiyya ba ta karɓar magana sai da hujja, shi kuwa addini yarda ce ido rufe. Haka abin yake?

Amsa: Ɗana, abokinka bai yi wa ko ɗaya daga cikinsu adalci ba. A Suratul Baƙara, aya ta 111, an umarci masu da'awa su kawo hujjarsu in masu gaskiya ne. Malaman hadisi kuwa ba sa karɓar magana don ta yi musu daɗi. Sukan bi maruwaita ɗaya bayan ɗaya, su bincika ko wane ya taɓa haɗuwa da wane, ko haddarsa ta rikice da tsufa, kafin su ce ruwaya ta inganta ko tana da rauni.

Ita ma kimiyya ba ta rasa amana a cikinta ba. Wanda aka ɗebi jininsa a Asibitin Murtala aka ce masa zazzaɓin cizon sauro ne, bai leƙa madubin likita da idonsa ba, ya dai amince da wanda ya leƙa. Abin da ya bambanta maganar kimiyya shi ne kullum ana iya sake gwada ta. Likitoci sun daɗe suna ɗora gyambon ciki a kan damuwa, har sai da Barry Marshall na Ostireliya ya kurɓi ƙwayoyin cutar da yake zargi a 1984, ciwon ciki ya kama shi. A 2005 aka ba shi kyautar Nobel tare da abokin bincikensa Robin Warren.

A ganina, rikicin yakan taso ne idan aka kai tambaya inda ba huruminta ba. A hadisin barbarar dabino da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce wa manoman Madina su ne mafi sanin al'amuran duniyarsu. Mu Kanawa mun ɗanɗana wannan a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin yana hana haihuwa. Wannan tambaya ce ta ɗakin gwaji, kuma kafin a dawo da rigakafin a 2004, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Haka nan likitan da ya ce babu tashin ƙiyama don na'urarsa ba ta nuna masa ba, ya yi magana a kan gaibu, abin da ba a ƙera na'urar don aunawa ba.