Tsohuwar lojik analaiza tana nuna lambobin da ba su da kai: ta lalace ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran fanel ne a Sabon Gari. Na sayi lojik analaiza HP 1650B, na'urar da take nuna siginar da ke gudana a fanel ɗin lantarki, cikin kayan gwanjo don in duba fanel ɗin wani tsohon inji daga Sharaɗa mai amfani da firosesa Z80. Wani lokaci ba ta karanta faifanta, in kuma ta tashi lambobin da take nunawa ba sa kama da na cikin ROM, ma'ajiyar manhajar injin. In sayar da ita ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sayar. Abin da ka bayyana ya fi kama da matsalar haɗi da saiti.

Fara da faifan, don shi ne ran na'urar. Wannan samfurin daga faifan filofi yake loda manhajarsa duk sanda aka kunna shi, kuma tsarin rubutun na HP ne da ake kira LIF, Windows ba ta gane shi. In ka sa a kwamfuta ta ce a yi masa fomat, ka ƙi. Ranar da ta yarda ta tashi, yi kwafi daga cikin na'urar kanta a kan faifan DD mai rami ɗaya, ka adana na asalin. Ƙin karantawar yawanci tsohon giris ne da ya daskare a sandar da kan karatu yake zamewa a kai, ga ƙurar hunturu ta hau. Goge da auduga da sifirit mai tsabta, ka sa sabon giris kaɗan. Duba bayanta kuma ka tabbatar an saita ƙarfin wutarta a 230, ba 115 ba, musamman in daga Amurka ta fito, sannan kada ta sha wutar janareta ba sitabilaiza. In ka ga kafasita mai ruwan zuma ta kamfanin RIFA kusa da mashigar wuta jikinta ya tsattsage, canza ta da sabuwa mai alamar X2 kafin ta yi hayaƙi. Ɓangaren gilashin allon kuwa yana riƙe wuta mai ƙarfi ko an cire filogi, kada hannu ya je wurin.

Yanzu ga lambobin. Na'urar tana aiki iri biyu. A Timing da agogonta take ɗaukar sigina, don haka tana kama har lokacin da layukan suke tsakiyar canzawa, shi ya sa kake ganin shirme. Don bin sawun manhaja State ake sa wa, inda firosesa ce da kanta take ce mata "ɗauka yanzu". Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba ta ƙafa ta 6, wato agogon Z80. Kada ka yi haka. Haɗa wayar agogo J da ƙafa ta 21, /RD (siginar karatu), K kuma da ta 22, /WR (siginar rubutu), ka saita su biyun a kan hawan sigina. Amfanin wannan shi ne Z80 tana sauke /MREQ (siginar neman ma'ajiya) bayan kowane ɗauko umarni don sabunta RAM, ma'ajiyar wucin gadi, amma ba ta taɓa /RD a lokacin, don haka waɗannan zagayen ba za su cika maka layuka 1024 da na'urar take iya riƙewa ba.

Fod na farko, wato tarin wayoyin ɗaukar sigina na na'urar, ya ɗauki A0 zuwa A15, na biyu D0 zuwa D7 tare da /M1, /MREQ, /IORQ da /WR, a saita duka a TTL. Kowane fod sai an kai wayar giraun ɗinsa ƙafa ta 29, gajeriya. Ina jaddada wannan don fod ɗaya mara giraun ya isa ya sa ka zargi ROM mai lafiya. Kuma kada ka jona faffaɗar wayar fod ɗin kai tsaye a fanel: rasista da kafasitar da suke daidaita sigina suna cikin siraran wayoyin da ake jonawa a bakinta ne, in babu su karatun ba daidai ba ne, kana ma iya ƙona mashigar.

Sa na'urar ta jira adireshi 0000, ka danna Run, sannan ka yi wa fanel ɗin risit. Daga nan Z80 take farawa. Sau da yawa za ka ga lambar umarni F3, 31 ko C3 a layin farko. In C3 ne, lambobi biyun da suka biyo shi adireshi ne, ƙaramin rabi a gaba, kuma dole layi na gaba ya nuna can ta tafi. In ba can ta je ba, nemi layin adireshi da ya maƙale ko ya taɓa maƙwabcinsa. In kuwa FF kake gani, Z80 tana ta komawa 0038 tana rubuta 39 da 00 a adireshin da yake raguwa, to ROM ba ya amsawa: duba soket ɗinsa da aisin da yake zaɓarsa, galibi 74LS138 ko 74LS139. In komai ya tafi daidai har sai an zo RET na farko, C9, umarnin komawa inda aka yi kira, sannan ta ɓace, RAM ne bai mayar da abin da aka ajiye masa ba. Kwatanta lambobin da aka rubuta lokacin CALL, umarnin kiran, da waɗanda aka karanto, za ka ga ainihin layin da ya ɓata.