Fijo 504 Tana Ƙona Fiyus, Waya Na Zafi

Tambaya: Malam, tsohuwar Fijo 504 gare ni. Da na kunna fitila sai fiyus ya ƙone, ga ƙaurin roba a ƙarƙashin sitiyari. Ina mafita? Daga mai karatu, Daura.

Amsa: Alhaji, don Allah kada ka yarda a cusa waya ko gwangwani a gurbin fiyus, haka motoci ke kamawa da wuta.

Cire fiyus ɗin, ka haɗa ƙwan sigina mai wat 21 a bakuna biyu na gurbinsa, sannan ka kunna fitila. In ya yi haske tar ko bayan ka cire duk ƙwayayen fitilar, wata waya ce ke taɓa bodi. Riƙa cire soket ɗaya-ɗaya kana girgiza wayoyin. Inda hasken ya dushe, nan ɓarnar take. Fara da ramin da wayoyi ke ratsawa daga ɗakin inji, don zafin ƙasarmu na busar da robarsu har ƙarfe ya yanka ta.

Ƙaurin kuwa, duba ƙwan fitila. Mai wat 100 na jan kusan amfiya 8, mai 55 kuma ƙasa da 5, shi ya sa mai 100 kan narkar da makunnin fitila. Koma kan 55, ko a sa rile, wato ƙaramar na'urar da ke ɗauke wa makunni nauyin wuta. Kafin gyara, kwance kan batir na nagetif.