Me Ya Sa Amurka Ta Hana Turkiyya Jirgin F-35 Alhali Ƙawayen Juna Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, kuma a saninmu idan mutum ya ba da kafin alƙalami, mai kaya ya ce ya sallama, to ciniki ya faɗa. Na ji a rediyo cewa Turkiyya ta zuba maƙudan kuɗi a jirgin yaƙin Amurka F-35, amma aka hana ta jirgin, aka kuma ƙaƙaba mata takunkumi, alhali duk suna cikin ƙungiyar tsaro ta NATO. Wane irin ƙawance ne wannan? Kuma me ya kai Turkiyya sayen makamin Rasha tun farko? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Tunda da kasuwa ka fara, mu tsaya a kasuwar. Buhun gero in ka biya ka ɗauka, tsakaninka da mai shi sai gaisuwa. Jirgin yaƙi kuwa ya fi kama da motar da duk duniya shago ɗaya ke sayar da kayan gyaranta, bakanike ɗaya ya iya kwance injinta, sannan mai shagon ya sa ka rattaba hannu cewa ba za ka sayar da ita ba, ba za ka ba wani aro ba, sai da izininsa. Irin wannan jirgi yakan yi shekara talatin zuwa arba'in yana aiki, kuma duk tsawon lokacin nan kana buƙatar inji, da bama-baman da suka dace da shi, da horon matuƙa, da sabunta manhajar kwamfutar da ke cikinsa. Ranar da aka sa hannu, ranar aka ɗaura igiya, bakinta kuma yana hannun mai sayarwa.

A Amurka ma ba mutum ɗaya ke riƙe da igiyar ba. Kamfanin Lockheed Martin ne ke ƙera F-35, amma ba shi da ikon cewa ya sallama. Dokar fitar da makamai ta 1976 ta ce ma'aikatar harkokin waje ce ke amincewa, sannan a sanar da majalisar dokoki, wadda ke da kwana 15 ta duba in mai sayen ɗan NATO ne, kwana 30 ga yawancin sauran ƙasashe. Kafin a kai nan ma akwai wata al'ada da ba a rubuce take a doka ba: sai an nemi yardar mutum huɗu, wato shugaban kwamitin harkokin waje da jagoran 'yan adawa a kwamitin, a majalisar dattawa da ta wakilai. Ɗaya daga cikinsu in ya ƙi, ciniki na iya kwanciya shekara da shekaru. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Turkawa ba yau suka fara jin zafin igiyar nan ba. Sun tura sojoji yaƙin Koriya a 1950, suka shiga NATO a 1952, Amurka ta cika su da tankoki da jirage saboda suna bakin iyakar Tarayyar Sobiyet. Sai a watan Yunin 1964, da Turkiyya ta yunƙura za ta tura sojoji tsibirin Kubrus, shugaban Amurka Lyndon Johnson ya aika wa firaministan Turkiyya Ismet Inonu wasiƙa mai kaushi. Abin da ke cikinta biyu ne: ba a yarda ku yi amfani da makaman da muka ba ku a wannan aiki ba, kuma in Sobiyet ta far muku saboda shi, kada ku ɗauka dole ne NATO ta kawo ɗauki. Har yau ana karantar da wasiƙar nan a Turkiyya. Bayan shekara goma suka shiga Kubrus ɗin, a 1974, majalisar Amurka ta hana sayar musu da makamai daga Fabrairun 1975 zuwa 1978. Jirage suka zauna a ƙasa don babu kayan gyara. Turkiyya ta rama da dakatar da aikin sansanonin Amurka da ke ƙasarta. A cikin wannan ƙunci ne aka kafa kamfanin Aselsan a 1975, da nufin ƙera rediyon sadarwa na soja, domin a yaƙin Kubrus rikicewar sadarwa ta kai ga jiragen saman Turkiyya sun nutsar da jirgin ruwan yaƙinsu, Kocatepe, da hannunsu. Tun daga lokacin manyan sojojinsu suka haddace cewa kayan aro ba ya rufe katara.

To ga abin da ya kai su wajen Rasha. Turkiyya na da jiragen F-16 sama da ɗari biyu, amma ta daɗe ba ta da na'urar kakkaɓo jirage da makamai masu linzami daga nesa. Ta nemi Patriot na Amurka, sai dai ta gindaya sharaɗi: a ba ta sirrin ƙira, a kuma riƙa haɗa wani ɓangare a ƙasarta. Amurka ta ce albarka. A 2013 Turkiyya ta juya ta zaɓi na wani kamfanin China a kan dala biliyan 3.4, ƙawayenta na NATO suka yi caa, ta fasa a ƙarshen 2015. A shekarar ce kuma Amurka da Jamus suka kwashe Patriot ɗin da suka girka mata aro a kusa da iyakar Siriya, ana tsakiyar yaƙi. Ga kuma Amurka na taimakon mayaƙan Kurdawa na YPG a Siriya, waɗanda Ankara ke kallo a matsayin reshen PKK, ƙungiyar 'yan tawayen Kurdawa da Turkiyya ta daɗe tana yaƙi da ita, har ta fara ba su makamai a fili a 2017. Sannan ga daren 15 ga Yulin 2016, lokacin da wasu sojoji suka yi yunƙurin kifar da shugaba Recep Tayyip Erdogan, jiragen F-16 na sojan ƙasar suka yi wa ginin majalisa ruwan bama-bamai a Ankara. Gwamnati ta zargi malamin nan Fethullah Gulen, wanda a lokacin yake zaune a jihar Pennsylvania ta Amurka, Amurka kuma ta ƙi miƙa shi har ya rasu a 2024. Shugaban Rasha Vladimir Putin bai tsaya jinkiri ba. Duk da cewa Turkiyya ta harbo masa jirgi samfurin Su-24 a Nuwamban 2015, a Disamban 2017 aka ƙulla cinikin S-400, na'urar Rasha ta kakkaɓo jirage daga nesa, a kan kimanin dala biliyan 2.5, wani kaso ma bashi ne Rasha ta ba da.

Akwai ranaku biyu da nake so ka ajiye kusa da juna. A watan Yunin 2018, a masana'antar Fort Worth da ke Texas, aka yi biki aka yaye labule, ga F-35 na farko ɗauke da jar tutar Turkiyya mai wata da tauraro, hafsoshi na tafi. Daga nan aka kai shi sansanin Luke a Arizona, inda matuƙan Turkiyya ke koyon tuƙa shi. Bayan wata goma sha uku, ranar 12 ga Yulin 2019, manyan jiragen dakon kaya na Rasha suka fara sauka a sansanin Murted kusa da Ankara, ana ɗauka a talabijin, motocin S-400 na gangarowa daga cikinsu. Wannan sansani shi ne wanda a da ake kira Akinci, cibiyar masu juyin mulkin 2016, aka canza masa suna bayan abin ya lafa. Kwana biyar da saukar, Amurka ta sanar da cire Turkiyya daga shirin F-35. Matuƙan suka tattara kayansu suka koma gida. Jirgin da aka yi wa biki bai taɓa sauka a Turkiyya ba.

Hujjar Amurka ta fasaha ce, kuma ba ta banza ba ce. Darajar F-35 tana cikin wuyar ganinsa a na'urar rada. S-400 kuwa an ƙera shi ne don farautar irin wannan jirgi. In suna ƙasa ɗaya, jirgin na tashi yana sauka kullum a gaban radar, to radar za ta riƙa tara bayanan yadda yake bayyana ta gaba, ta baya, ta gefe, da nisan da ake fara hango shi. Na'urar kuma tana buƙatar ƙwararrun Rasha don horo da gyara. Tsoron shi ne bayanan su isa Mosko, jirgin da ƙasashe da dama suka dogara da shi ya zama tsirara. Turkiyya ta ce ba za ta haɗa S-400 da tsarin NATO ba, ta kuma nemi a kafa kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwa ya duba. Amurka ta ƙi.

Amma a ganina wanda ya ce maganar fasaha ce kaɗai bai faɗi duka ba. Girka, ita ma 'yar NATO, tana da S-300 na Rasha a tsibirin Crete tun ƙarshen shekarun 1990. Indiya ta sayi S-400 a 2018, har ta karɓa, ba a sa mata takunkumi ba, don ana buƙatarta a gaban China. Gaskiya ne S-300 ɗin tsohon yayi ne, Indiya kuma ba ta cikin shirin F-35, amma dokar Amurka ta sa takunkumi kan masu sayen makaman Rasha ba ta ce sai mai F-35 ba. Abin da ya ƙara wa Turkiyya nauyi shi ne yarda ta riga ta zube tsakaninta da majalisar Amurka, kuma ana so a nuna wa sauran masu sha'awar kayan Rasha abin da zai same su. Shi kansa Donald Trump ya fito fili a taron G20 na Osaka a 2019 ya ce ba a yi wa Turkiyya adalci ba a batun Patriot, ya ɗora laifin kan gwamnatin Obama. Duk da haka majalisa ta rubuta a dokar kasafin tsaro cewa ba za a miƙa wa Turkiyya F-35 ba muddin S-400 na hannunta. Bayan Turkiyya ta gwada harba shi a Sinop, gaɓar Bahar Aswad, a Oktoban 2020, sai ga takunkumi ranar 14 ga Disamba a kan hukumar masana'antun tsaron ƙasar da shugabanta Ismail Demir, ƙarƙashin dokar CAATSA ta 2017. Karo na farko ke nan da aka yi wa ɗan NATO haka.

Batun kafin alƙalaminka kuwa, Erdogan ya sha faɗa cewa sun biya dala biliyan 1.4. Turkiyya ta shiga shirin tun 2002 a matsayin abokiyar ƙira, ta yi niyyar sayen jirage 100, kamfanoninta na ƙera sassa kusan 900 na jirgin. Wannan aikin ne ma babbar asarar, ya fi kuɗin ciwo. In a ma'aunin ɗan kasuwa za a auna, Turkiyya ta faɗi a wannan ciniki: ta rasa jirgin, ta rasa kwangilar sassa, S-400 ɗin kuma ba a haɗa shi da komai na NATO ba.

Ka tambaya wane irin ƙawance ne. Na ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ne, kuma kowa na da abin da zai riƙe wa ɗan'uwansa. Turkiyya ce ke da soja mafi yawa a NATO bayan Amurka, ita ke riƙe da mashigin ruwan Bosphorus, hanyar shiga Bahar Aswad, ga sansanin Incirlik kusa da Adana, ga tashar radar gargaɗi ta Kurecik. Ga kuma ƙuri'a, domin ba a shigar da sabuwar ƙasa NATO sai kowa ya yarda. A Oktoban 2021 Ankara ta nemi sababbin F-16 guda 40 da kayan sabunta tsofaffi 79. Sanata Bob Menendez, ɗaya daga mutum huɗun nan da na ce ka riƙe, ya ce ba da shi ba. Da Sweden da Finland suka nemi shiga NATO a 2022, Turkiyya ta samu nata bakin igiyar. Ta bar Finland ta wuce a 2023, ta riƙe Sweden. Menendez ya sauka daga shugabancin kwamiti a Satumban 2023 bayan an gurfanar da shi kan cin hanci. Ranar 23 ga Janairun 2024 majalisar Turkiyya ta amince da Sweden, ranar 25 Erdogan ya sa hannu, ranar 26 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa majalisa sanarwar cinikin F-16 na dala biliyan 23. Kwana uku kacal. A ranar kuma aka sanar da sayar wa Girka F-35 har guda 40, don kada a ce an fifita ɗaya.

Wani abin da ya biyo bayan duk wannan ja-in-ja ya iso har ƙofar gidanmu. Amurka ta daɗe tana ƙin sayar wa Turkiyya jirage marasa matuƙa masu ɗaukar makami, sai kamfanin Baykar ya ƙera Bayraktar TB2, wanda ya yi suna a Libiya da Karabakh da Yukren. Nijar ta karɓi nata a 2022, Mali da Burkina Faso ma sun saya, saboda ya fi araha kuma sharuɗɗan ba su kai na Turawan Yamma ba. Sojan saman Najeriya kuma ya fara karɓar jirgi mai saukar ungulu T129 na Turkiyya a 2023. Sai dai shi wannan T129 injinsa na haɗin gwiwar Honeywell da Rolls-Royce ne, kuma ba a fitar da shi zuwa wata ƙasa sai da lasisin Amurka. Pakistan ta ƙulla cinikin guda 30 a 2018, lasisin bai fito ba, cinikin ya kwanta. Najeriya ma ta taɓa ɗanɗana irin wannan a 2014, lokacin da Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram, don asalin jiragen na Amurka ne.

Shi kansa KAAN, jirgin yaƙin da Turkiyya ke ƙerawa don ya maye gurbin wanda aka hana ta, ya yi tashinsa na farko ranar 21 ga Fabrairun 2024, na tsawon minti 13, da injuna biyu samfurin F110 na kamfanin General Electric na Amurka. Turkawa na aikin ƙera nasu injin, amma kafin ya kammala, duk injin da za a ɗaura wa KAAN sai takardarsa ta bi ta ma'aikatar harkokin wajen Amurka da teburin mutum huɗun nan.