Kafin ka rufe kayan kiɗanka, duba soson akwatin

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce za ka tafi karatu, kana so ka rufe trompet, wato abin busar nan na tagulla, da gitarka a akwatunansu sai ka dawo, ko akwai matsala. Akwai, kuma a cikin akwatin take: soson nan baƙi ko ruwan toka da aka liƙa a ciki.

Yawancinsa polyurethane ne, dangin na katifa, kuma tsufa yake yi. Wani irinsa, zafi da iska ke cinye shi har ya zama gari. Wani kuma laima ke kashe shi, ya narke ya yi danƙo kamar kwalta, yana fitar da sinadari mai tsami da ke cin tagulla. Mu nan Damagaram ba wanda ya tsallake mu: Afrilu da Mayu zafi ya wuce digiri 40, ɗakin kwano kuwa ba a magana, Agusta kuma ta zo da laimarta.

Na daɗe ina gyaran kayan ƴan orkes, na ga ɓarnarsa. An taɓa kawo mini sakso, abin busa na tagulla mai maɓallai, da ya daɗe a rufe. Soson ya manne a bakinsa, da na ɓanɓare sai ga zanen ramukan soson a jikin fentin, ƙarƙashi kuma tsatsa kore. Garin ya shige ƙarƙashin fatun da ke toshe ramuka, kowane maɓalli ka danna sai ya liƙe. Fatun an canza, amma tabon yana nan har gobe. Gita ma haka, bayan wuyanta ne ke fara kamawa, wurin da ta jingina.

Gwajin ba wuya. Danna soson da babban yatsa. In bai taso ba, ko ya bar maka gari, ko ka ji warin tsami, cire shi duka, har da gam ɗin da ke ƙasa. Ni dai ko sabo ne ba na yarda ya taɓa kayan. Ka sayi farin yadin auduga a Kasuwar Dole, a wanke shi ya bushe sarai, ka naɗe su. Gurbin soson ka cike shi da farin soson da ake kira polyethylene. Ya fi jure ajiya. Jakar fata ma kada ta ruɗe ka don ka ga masu algaita da ita, su kullum kayansu na hannu. Fata in ta daɗe manne da tagulla ita ma kore take sa ta.

Sassauta tsirkiyar gitar, ɗora akwatunan a kan benci saboda gara, nesa da rufin kwano. Ka bar wa wani a gida amana ya riƙa buɗewa, musamman bayan damina. In kuwa danƙon ya riga ya kama, kada a goge da fetur ko alkol, suna iya tafiya da fentin gita. A kaɗe garin da buroshi mai laushi, sauran a kai wa mai gyara.