Tambaya da Amsa: Ina son kai amarya Kwatano ta ga teku

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maradi, wata mai zuwa in Allah ya yarda za a ɗaura mini aure, kuma tun muna zance na yi ma yarinyar alƙawari zan kai ta Kwatano ta ga teku don ita bata taɓa wuce Ƙonni ba. Ni kaina tahiyar da na yi can ta sayen kaya ce kawai, daga tasha sai kasuwa sai masauki. Dan Allah ina ne ya kamata mu je, kuma yaya hanya take yanzu? Daga mai karatunku a unguwar Sabon Gari, Maradi.

AMSA: Wa'alaikumus salam ango, Allah ya sanya alheri ya kawo zuri'a ɗayyiba. Toh kai ma ka shiga sahun mutanenmu da suka san Kwatano shekara da shekaru amma in ka tambaye su me suka gani sai su ce maka kasuwar Dantokpa da por, wato tashar jiragen ruwa, da fakin motoci na hanyar Porto-Nobo, shikenan.

Bari mu fara da hanya tunda ita ce mai wuyar. Daga Maradi zaku bi Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ku karya kudu zuwa Gaya, ku ƙetara kogin Kwara zuwa Malanbil, daga nan Kandi, Paraku, Dasa, Bohikon sannan Kwatano. Kilomita wajen 1,400 kenan, daga Malanbil kaɗai ya haura 700. Ka san tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe gadar Gaya, Benin ta buɗe ɓangarenta daga baya amma namu ya zauna a rufe, fasinja suka koma ƙetarawa a kwalekwale da jakunkunansu sannan su hau wata mota a can ƙetare. Saboda haka kafin ka yanki tikiti kaje kamfanin motar da kanka ka tambayi direbobin da suka dawo cikin satin nan yadda ake wucewa, kar ka tsaya ga labarin majalisa. Wasu na bi ta Jibiya, Kano, Legas su shiga ta Seme amma wannan zagaye ne mai nisa ga canjin naira ga shingaye, ni ban ba ango shawararsa ba. Kuma dan Allah ku yi arewacin Benin da rana, ku kwana Paraku in dare ya yi, amarya ba buhun wake ba ce da za a kwana biyu ana jijjiga ta a mota.

Takardu: katin ɗan ƙasa ko fasfo mai rai na kowannenku, da katin rigakafin shawara, shi ne aka fi tsayar da mutane a kansa. Kuɗi kuwa sefa ɗaya muke ci da su, jikkarka ta Maradi jikka ce a can.

Yanzu teku. Ku tafi bakin ruwa na Fijirose da la'asar sakaliya, akwai rumfuna da inuwar itacen kwakwa, a sare muku kwakwa ɗanya ku sha ruwanta ku zauna ku yi kallo. Na ce KALLO. Wallahi ango teku ba tafkin Madarunfa ba ce, gaɓar Benin gangare gareta mai tsayi kuma igiyar ruwan in ta daki yashi zata koma tana jan ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarka, mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa yana murmushi a ɗauke shi hoto sai ta biyu ta zo ta fi ta farko ta kayar da shi, zani ko doguwar riga ta jiƙe ta yi nauyi, kafin a ce me an yi ciki da shi. 'Yan garin da suka iya iyo ma tsoronta suke. A jiƙa ƙafa a baki-baki, kana riƙe da hannunta, kuma kar ku juya ma ruwan baya don selfi.

Cikin gari abin hawa zemijan ne, kabu-kabunsu kenan masu rawayar riga, ku yi ciniki kafin ku hau kuma tun 2024 'yan sanda na kama fasinjan da bai sa hular kwano ba. Ku biya ta wajen gunkin Amazon, mace jaruma riƙe da bindiga da takobi, tsawonsa mita 30, a 2022 aka buɗe shi don tunawa da sojoji mata na masarautar Dahome. Minti ashirin ya isa a nan.

In da za a ce in zaɓa muku wuri ɗaya tak, Ganbiye zan ce. Gari ne sukutum bisa tafkin Nokuwe, mutum sama da 20,000, gidaje duk a kan turakun itace da aka kafa cikin ruwa. Ana hawa jirgi daga Abome-Kalabi, arewa da Kwatano kaɗan. Mutanen Tofinu ne suka kafa shi, sun gudo ne daga mayaƙan Dahome masu kamun bayi waɗanda aka ce al'adarsu ta hana su bin mutum cikin ruwa. Ku je da sassafe lokacin kasuwa, zaku ga mata kowace cikin kwalekwalenta da tumatir da itacen girki da burodi, ciniki daga jirgi zuwa jirgi, yaro ɗan shekara bakwai yana tuƙa nasa shi kaɗai da jarkoki zai je ɗebo ruwan sha a famfo, don na tafkin da gishiri-gishiri. A hanya kuma zaku ga rassan itace an kakkafa cikin ruwa fili guda, akaja suke ce masa, kifi ke taruwa ciki ya yi ƙiba sannan a zagaye da taru a kwashe. Mu da muke sayen ruwa wajen 'yan garuwa, wannan abin a gani ne. Sai dai matan can basu son a ɗora musu waya ba a tambaya ba, kuma suna da gaskiya.

Rana ta gaba Wida, kilomita wajen 40 yamma da Kwatano. Nan ba wurin dariya ba ne. Akwai hanya ta kusan kilomita 4 daga dandalin da ake cinikin bayi zuwa bakin teku inda aka gina Ƙofar Ba Dawowa a 1995, ta nan aka riƙa loda mutane zuwa Barazil da sauran ƙasashen ƙetare. Kar ka ɗauka tarihin wasu ne, cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa har da Hausawa, kuma a boren da bayi musulmi suka yi a birnin Salbado na Bahiya a 1835, akasarinsu Yarbawa amma da namu a ciki, an samu layu da rubutun larabci a jikinsu. Akwai kuma ɗakin mesa na masu bodu, addinin gargajiya na can, daura da babban coci, masu yawon buɗe ido na rataya macijin a wuya. Wannan kai da zuciyarka, ba wanda zai tilasta maka shiga, ni dai daga waje ya ishe ni.

In akwai sauran kwana ku leƙa Porto-Nobo, ita ce babban birnin ƙasar ba Kwatano ba, kilomita wajen 30. Ku ga tsohon masallacin Juma'a da aka gina shi da fasalin cocin Barazil, aikin zuri'ar bayin da suka dawo gida.

TAMBAYA: Malam ni da ɗiyana uku zamu bi maigida Kwatano hutun makaranta, abinci nake tunani da zafi. Daga wata uwa a Ali Ɗan Sofo.

AMSA: Hajiya ki kwantar da hankali, ku sauka Zongo ko kusa da ita, Hausa ake yi, ga masallatai ga mahauta namu ga tuwo. In kun fita daga Zongo ku tsaya ga kifi, soyayye ko gasasshe da akasa ko amiwo, duka tuwon masara ne, amiwo shi ne ja, don ana sayar da alade da naman daji a gidajen abinci da yawa. Abarbar garin Alada kuwa ku ci har ku gaji. In aka miƙo ma maigida wani abu fari kamar ruwa a ƙaramin kofi aka ce sodabi, giyar kwakwar manja ce. Zafin can bai kai namu na Afrilu ba amma da laima, gumi baya bushewa, ki ɗaukar ma yara kaya marasa nauyi da hodar ƙuraje. Hutun makaranta zai faɗo ƙarshen babbar daminarsu wadda ke kamawa daga Afrilu zuwa Yuli, unguwanni da yawa na cika da ruwa, in da hali ku bari sai Agusta. Gidan sauro kuma ki sa shi cikin jaka tun daga gida, kar ki ce sai kin je ki saya.