Fatawa: Bidiyon da Ka Kalla a Waya, Gani Ne ko Ji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a jami'a. An karantar da mu misalin kogo na Aflatun, malaminmu ya ce haka masu kafafen sada zumunta suke, inuwa suke kallo suna zaton gaskiya ce. Shin ya halatta Musulmi ya buga misali da maganar irin waɗannan mutane? Sannan in na kalli bidiyo da idona a WhatsApp ko TikTok na tura wa wasu, ina da laifi, alhali an ce gani ya kori ji?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Aflatun ɗan falsafa ne Bagirke, mutumin Atina, ya mutu kimanin shekara 347 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Misalin nasa shi ne: wasu mutane ne ɗaure cikin kogo tun suna yara, an sa musu mari a ƙafa da sarƙa a wuya, ba sa iya waiwaye. A bayansu akwai wuta, tsakaninsu da wutar akwai gajeriyar katanga, wasu na wucewa ta bayanta ɗauke da mutum-mutumin dutse da na itace. Ɗaurarrun ba sa ganin komai sai inuwar kayan a jikin bango, har suna yaba wanda ya fi saurin gane wace inuwa ce za ta biyo wata. Da aka kwance ɗaya ya fita, haske ya kashe masa ido. Da ya dawo da labari kuma, dariya suka yi masa.

Buga wannan misali halal ne, domin ba aƙida ba ce, siffanta yadda ido ke ruɗuwa ne. A Bukhari, shaiɗan ya gaya wa Abu Huraira falalar Ayatul Kursiyyu, Annabi (SAW) ya ce ya yi maka gaskiya alhali shi maƙaryaci ne. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya kafirta 'yan falsafa a mas'ala uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin gangar jiki. Amma bai zubar da lissafinsu da manɗiƙinsu ba. To ka ɗauki misalin, ka bar wa Aflatun ra'ayinsa na cewa rai yana sake dawowa cikin wani jiki, wannan ɓata ne. Shi Ghazalin ma, a cikin littafinsa al-Munƙiz minad Dalal, da inuwa ya tuhumi ido: kana ganinta tsaye cik, bayan sa'a guda ka tarar ta gusa, kana ganin tauraro kamar dinari, lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma.

Tambayarka ta biyu ta fi nauyi, ɗan'uwa. Gani ya kori ji gaskiya ne, ma'anarsa ta zo a hadisin Ibn Abbas a Musnadin Ahmad, cewa labari ba kamar gani da ido ba ne. Sai dai abin da ke fuskar wayarka ba ya cikin babin gani. Labari ne da ya zo da siffar gani. Tsakaninka da abin da ya faru akwai wanda ya ɗauka, shi ya zaɓi inda zai juya kyamara. Akwai wanda ya yanke daƙiƙa 30 daga wa'azin awa guda, kamar mai karanta "fawailun lil musallin" ya yi shiru. Akwai wanda ya rubuta sunan gari da rana a ƙasa. Akwai kuma na huɗu wanda ba mutum ba, wato tsarin manhajar da ke ƙidaya daƙiƙoƙin da ka tsaya a kan kowane bidiyo da abin da ka tura, sannan ya ƙaro maka irinsa. Shi ba ruwansa da gaskiya, zamanka yake nema don a nuna maka talla, kuma abin da ke tayar da fushi ko tsoro ya fi zaunar da mutum. Shi ya sa maƙwabta biyu a layi ɗaya kowa ke rantsuwa cewa duk duniya ra'ayinsa take bi. Waɗannan su ne masu ɗauke da mutum-mutumi a bayan katanga. A ma'aunin malaman hadisi kuwa, wannan isnadi ne da duk maruwaitansa majhulai ne, wato ba a san su ba, kuma ba a gina hukunci a kan irinsa.

Allah ya ce a Suratul Hujurat aya ta 6, in fasiƙi ya zo muku da labari ku yi bincike, kada ku cutar da mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. A Suratun Nur aya ta 15, kan ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, ya ce kuna karɓarsa da harsunanku. Dubi lafazin: da kunne ake karɓar magana, amma aka ce harshe, domin ba ta ko biya ta hankali ba. Yau da ɗan yatsa ake karɓa. Muslim ya ruwaito a gabatarwar Sahihinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya faɗi duk abin da ya ji. Hadisin Samura bn Jundub a Bukhari kuma ya siffanta wanda ake tsaga masa baki har ƙeya saboda ƙaryar da ya yi aka ɗauke ta ta kai ko'ina. Wanda ke fakewa da "ni ma turo mini aka yi" ya tuna hadisin Abu Dawud da ya kira kalmar "wai" mummunan abin hawa.

An ga sakamakon haka a fili. A watan Agustan 2014 saƙo ya zaga Najeriya cewa wanka da ruwan gishiri da shansa na kare Ebola, aka rasa rayuka, aka kwantar da wasu a asibiti. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, an yaɗa wani bidiyon kisa a Facebook da sunan can ne, daga baya binciken BBC ya nuna a Kongo Brazabil aka ɗauke shi tun 2012.

Saboda haka, tura abin da ka san ƙarya ne babban zunubi ne. Abin da ba ka tabbatar ba, in ya taɓa jini ko mutuncin wani, ko addini, ko magani da lafiya, haramun ne ka tura shi kafin bincike, ko da daga baya ya zama gaskiya, domin ka bi abin da ba ka da iliminsa, kuma Suratul Isra'i aya ta 36 ta hana. Wanda ka tabbatar ma, in tona asiri ne ko zai tayar da tarzoma, Suratun Nisa'i aya ta 83 ta ce a mayar da shi ga waɗanda alhakin ke hannunsu. Sanarwar ɗaurin aure da raha marar cutarwa ba su shiga nan ba.

Binciken ba wuya gare shi ba. Tsayar da bidiyon, ɗauki hoton fuskar wayar, sa shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, ka ga ko ya taɓa fitowa shekarun baya. Dubi lambar mota, da rubutun shaguna, da kakin jami'an tsaro, da harshen da ake yi a baya. In an ce jiya aka ɗauka ana tsakiyar hunturu, kai kuma kana ganin ciyawa kore shar da kwatami cike da ruwa, magana ta ƙare. In murya ce ta wani malami ko shugaba, duba ko leɓe ya dace da sauti, ka nemi cikakken karatun a shafinsa, domin ƙirƙirarriyar basira yanzu tana kwaikwayon murya. Kibiya biyu da WhatsApp ke sa wa saƙo alama ce ta cewa ya ratsa hannu biyar ko fiye, yawan hannun kuma ba tawaturi ba ne, wato labarin da jama'a masu yawa suka ruwaito ta hanyoyi daban-daban, tunda tushen ɗaya ne. Mafi haɗari shi ne labarin da ya yi maka daɗi. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 808 bayan Hijira, ya sa karkata ga ra'ayi da ƙungiya a farkon dalilan da ke shigar da ƙarya cikin labari, domin zuciya ba ta binciken abin da take so.

Shi ma mai ƙera inuwar yana da nasa hukuncin. Wata mata ta tambayi Annabi (SAW) ko za ta iya nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba, ya ce mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufa biyu na zur ne. Hoto a jikin motar aro da nufin a ce taka ce yana cikin wannan.

In ka riga ka tura sannan ka gane ƙarya ne, istigfari a ɓoye bai wadatar ba, domin Suratul Baƙara aya ta 160 ta haɗa tuba da gyara da bayyanawa. Goge saƙon ga kowa in lokacin bai wuce ba, kimanin kwana biyu ne a WhatsApp. Sannan rubuta gyara a kowane guruf da ka tura, da sunanka, ka ce abin da na turo ba gaskiya ba ne. In an ambaci sunan wani a ciki, ka wanke shi a inda ka ɓata shi, ka kuma nemi afuwarsa matuƙar hakan ba zai haifar da fitinar da ta fi ta farko ba.

Allah ne mafi sani.